DARASIN TATTALIN ARZIKI: Sayen Mota Ko Shata? Lissafin Falken Doya Daga Garatu Zuwa Legas

Duk wanda ya bi hanyar Minna zuwa Bida a lokacin kaka, da zarar ya wuce mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano da 'yar tazara, zai iske garin Garatu na Ƙaramar Hukumar Bosso. Abin da zai fara cin karo da shi ranar kasuwa shi ne doya, tsibi-tsibi, an kasa ta ƙwarya-ƙwarya, watau guda ɗari-ɗari. Manoman ƙauyukan kewaye, galibinsu 'yan ƙabilar Gbagyi da aka fi sani da Gwarawa, su ke kawo ta. Fatake kuwa su zo daga nesa su saya, su yi lodi, wasu su nufi Kano da Sakkwato, wasu su miƙe kudu zuwa Ibadan da kasuwar Mile 12 ta Legas. Nijeriya ce ke noma wajen kashi biyu cikin uku na doyar duniya baki ɗaya, Jihar Neja kuwa tana sahun gaba tare da Binuwai da Taraba da Nasarawa. Sai dai doyar Garatu ba ta zama riba a hannun falke sai ta hau mota ta yi tafiyar fiye da kilomita 600, ta Bida da Mokwa da Jebba da Ilori da Ogbomosho, ta sauka lafiya.

A nan ne wata tambaya ke tasowa wa duk falken da jarinsa ya soma kauri. Abokai sukan ce masa: "Alhaji, har yaushe za ka riƙa zuba wa masu mota kuɗin shata? Abin da ka biya cikin shekara biyu ai ya isa ka sayi taka." Maganar tana da daɗin ji, kuma ta kai mutane da dama ga sayen abin da ya cinye jarinsu. Wannan darasi zai bi lissafin daki-daki, domin a ga abin da ke yanke hukunci tsakanin saye da shata.

Tambayar ba ta fataken doya kaɗai ba ce. A Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa da ɗakin kwana da madafa da makewayi a cikinta, wadda iyali kan shiga su yi makonni suna yawon buɗe ido. Lokacin annobar korona, da mutane suka guji jirgin sama da otal-otal, sai aka yi rububin sayenta, har masu ƙera ta suka fitar da kimanin 600,000 a shekarar 2021, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 adadin ya faɗo zuwa kimanin 313,000, kusan rabi ke nan. Da yawa daga cikin masu sayen sun tarar cewa motar da suka saya domin tafiyar mako uku tana kwashe sauran watannin shekara a ajiye, ana biya mata inshora da kuɗin wurin ajiya da bashin banki. Ba'amurken da ke son kai iyalinsa hutu da falken da ke son kai doyarsa Legas ba su yi kama ba ta kowace fuska, amma alƙalami ɗaya ne ke yi musu lissafi.

KUƊIN TSAYE DA KUƊIN TAFIYA

Masana tattalin arziki sun kasa abin da mota ke ci gida biyu. Na farko shi ne kuɗin da take ci tana tafiya: man gas, baƙin mai, cin taya, ƙananan gyare-gyare, abincin direba da yaronsa, da abin da akan biya a shingaye da tashoshi. Wannan kowa ya san shi, domin a hannu ake ƙirga shi. Idan mota ba ta tashi ba, ba a biyan ko kwabo.

Na biyu shi ne kuɗin da take ci tana tsaye, kuma shi ne ramin da fatake suka fi faɗawa, domin mafi yawansa ba a ganin fitarsa daga aljihu. A ciki akwai albashin direba, wanda ba a sallamarsa don kaka ta wuce idan ana son a same shi baɗi. Akwai inshora da sabunta takardu da kuɗin ƙungiya da na mai gadi. Akwai kuma abu biyu da suka fi waɗannan duka nauyi. Ɗaya shi ne raguwar daraja: mota tana tsufa ko ta yi aiki ko ba ta yi ba, roba na bushewa, batir na mutuwa, tsatsa na cin bodi. Ɗayan kuwa shi ne ribar da kuɗin sayen motar za su kawo da a ce an sa su a wata harka. Falken da ya ɗauki Naira miliyan 30 ya sayi mota ya janye su ne daga sayen doya, kuma duk ribar da doyar miliyan 30 za ta kawo masa ya yafe ta. Ba wanda zai kawo masa takardar neman biya a kan wannan, amma asara ce kamar kowace asara.

Alƙaluman da ke tafe na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi. Mai karatu ya cire su ya sa nasa, hanyar dai ba ta canzawa. A ƙaddara falke yana kai lodi Legas sau biyu a wata tsawon wata shida, daga Nuwamba zuwa Afrilu, watau sawu 12 a shekara. Kowane sawu yana ɗaukar ƙwarya 40, doya 4,000 ke nan, kuma ana yi masa shatar mota a kan Naira miliyan 1.2. A shekara zai biya Naira miliyan 14.4. Wannan adadi shi ne ke tayar wa mutum da hankali, har ya soma zagayen wuraren sayar da manyan motoci.

A ƙaddara kuma ya sami motar hannu mai ƙwari a kan Naira miliyan 30, yana sa ran ya yi shekara shida da ita ya sayar miliyan 12. Raguwar daraja ta zama miliyan 3 a shekara. Ribar da jarin zai kawo a wani wuri, idan aka ɗauke ta kashi 20 cikin ɗari, miliyan 6 ce. Wannan kuwa ba zuƙi ba ne, domin a shekarar 2024 takardun lamunin gwamnati na shekara guda sun biya fiye da haka, kuma falken da doyarsa ba ta ba shi kashi 20 a shekara da tuni ya bar sana'ar. Albashin direba da yaron mota a sa miliyan 1.8, inshora da takardu da sauran tarkace miliyan 1.2. Jimlar kuɗin tsaye ta kama Naira miliyan 12 a shekara, tun motar ba ta motsa daga ƙofar gida ba.

Sai kuɗin tafiya. Zuwa da dawowa wajen kilomita 1,300 ne. Idan motar tana yin kilomita 3 da lita guda, za ta sha lita 430 ko sama, a kan Naira 1,200 kuwa ya kama wajen 520,000. A ware 180,000 na taya da baƙin mai da bakanike, 100,000 na hanya. Kowane sawu ya ci 800,000.

To, ga inda maganar take. Mai mota yana kashe 800,000 a sawun da mai shata ke biyan miliyan 1.2, saboda haka yana tsira da 400,000 a kowane sawu. Waɗannan 400,000 su ne za su taru su biya miliyan 12 na kuɗin tsaye. Idan aka raba miliyan 12 da 400,000 za a sami 30. Ma'ana, sai motar ta yi sawu 30 a shekara kafin saye ya yi kunnen doki da shata. Falken misalin nan sawu 12 yake yi. Zai kashe miliyan 9.6 a hanya, a haɗa da miliyan 12, ya zama miliyan 21.6, alhali da shata miliyan 14.4 zai biya. Ya yi asarar miliyan 7.2 a shekara don ya tsere wa biyan kuɗin mota. Idan aka sauko da lissafin kan doya guda, wadda ta hau motar shata ta iso Legas da Naira 300 na dako a kanta, wadda ta hau motar maigida kuwa da Naira 450. A Mile 12 mai saye ba ya tambayar motar wa ta kawo doya.

Abin lura shi ne, tsawon tafiyar bai shiga hukuncin ba, farashin motar ma ba shi ne kan gaba ba. Abin da ya yanke magana shi ne yawan kwanakin da motar za ta yi tana ɗauke da kaya a cikin shekara. Zuwa Legas da dawowa, da jiran sauke kaya da hutun direba da 'yar matsalar hanya, yakan ci mako guda zuwa kwana goma. Sawu 30 kuwa, a wannan ma'auni, mafi yawan kwanakin shekarar ne. Doya ba ta ba da aikin shekara guda.

DALILIN DA YA SA SHATA TA FI SAUƘI

Wani zai ce, in haka ne, yaya mai motar haya yake cin riba a kan miliyan 1.2? Amsa ita ce shi ma yana ɗauke da kuɗin tsayen nan, sai dai yana rarraba shi a kan mutane da yawa. Yau ya ɗauki doyar Garatu, gobe shinkafar Bida, jibi masarar Kontagora, in damina ta faɗi ya koma dakon taki da siminti. Kowane mai kaya yana biyan ɗan gutsure na tsufan motar, ba wanda ya ɗauki nauyin shi kaɗai. Wanda ya yi shata, a haƙiƙa, ya sayi kwana huɗu ne daga rayuwar motar ya bar wa mai ita sauran.

Daɗin daɗawa, mai motar haya ba ya dawowa fanko. Tun zamanin da, ribar sufuri tsakanin arewa da kudu a kan lodin dawowa take: a gangara da shanu da wake da albasa, a hauro da goron Shagamu da manja da katako da kayan kanti. Samun wannan lodi sana'a ce mai zaman kanta, tana bukatar sanin 'yan kamasho a tashoshin Legas da Ibadan, da rajista da ƙungiya, da direban da masu kaya suka yarda da shi. A mayar da shi cikin misalin: idan motar falken ta sami lodin dawowa na 600,000, aka cire 100,000 na la'ada da ƙarin mai, abin da yake tsira da shi a sawu ya tashi daga 400,000 zuwa 900,000, sawun da ake bukata kuwa ya sauko daga 30 zuwa 14. Da sawunsa 12 har yanzu da ɗan saura, amma ya kusa. In kuwa ya saki motar ta yi wa wasu aiki sauran watannin har ta kai sawu 30 da lodi gaba da baya, zai tashi da rarar miliyan 15. Lalle a nan saye ya yi riba ƙwarai. Amma a duba da kyau: mutumin da ya yi haka ya daina zama falken doya mai mota, ya zama ɗan sufuri mai taɓa doya. Sana'a biyu ce, kowace da iliminta, kuma ba kowa ke iya riƙe su tare ba. Attajiran gyaɗa na Kano irin su Alhaji Sanusi Ɗantata sun mallaki manyan motoci masu yawa sun kuma ci moriyarsu, domin suna da wakilai da kayan da za su cika su, ba don mallakar mota ita kanta tana kawo arziki ba.

Akwai kuma batun direba, wanda littattafan tattalin arziki ke kira matsalar mai dukiya da wakilinsa. Mota tana Ogbomosho, mai ita yana Minna. Ba ya ganin man da aka zuƙe aka sayar, ko lodin hanya da aka ɗora ba da saninsa ba, ko gyaran 20,000 da aka rubuta masa 70,000. Ba a ce duk direbobi haka suke ba, akwai masu amana da yawa, kuma wasu iyayen gidan ne ke jawo abin da ƙin biyan albashi kan kari. Amma mai motoci goma yana da bakanike nasa, yana kuma iya gwada wannan mota da waccan ya gane inda ake yoyo. Mai mota guda, wanda bai taɓa riƙe sifana ba, abin da aka gaya masa shi ne gaskiyarsa.

HUJJAR MASU CEWA A SAYA

Masu goyon bayan saye suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce a ƙasar da Naira ke narkewa, ƙarfe ya fi takarda. Tarihi ya ba su gaskiya fiye da sau ɗaya. Kafin watan Satumba na 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar musayar kuɗi a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, Naira tana kusan kafaɗa da kafaɗa da Dala. Cikin ɗan lokaci sai da aka ba da wajen Naira 4 kafin a sami Dala guda. A wancan zamani ana haɗa manyan motoci a cikin gida: Marsandi a kamfanin ANAMMCO na Inugu, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Da Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai matsakaicin ƙarfi, kamfanonin suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin Turai. Wanda ya riga ya mallaki tasa ya wayi gari da dukiya. Haka aka sake yi a watan Yuni na 2023, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira: daga wajen 460 a kan Dala ta haura 700 cikin 'yan makonni, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mutane da dama sun sayar da tsohuwar mota fiye da yadda suka saye ta, suka ce ina raguwar darajar da ake faɗa?

Raguwar tana nan, hauhawar farashi ce ta lulluɓe ta. Wanda ya sayi mota miliyan 15 ya sayar miliyan 25 bayan shekara uku yana ganin ya ci riba, har sai ya je sayen irinta mai ƙarancin shekaru aka ce masa miliyan 40. Gaskiya ne ya fi wanda ya bar kuɗinsa kwance a banki. To amma falke ba a banki yake barin kuɗinsa ba. Abin da ya kamata a gwada da mota shi ne doyar da aka saya a Disamba aka sayar a Afrilu, ko hatsi, ko fili a gefen Minna, waɗanda su ma farashinsu ya bi hauhawar, ba su kuma neman taya. Ga shi kuwa faɗuwar Naira da ta ɗaga darajar motar ita ce ta ɗaga kuɗin kayan gyaranta, tun da kusan duk daga waje ake shigo da su. Man gas, wanda aka daɗe da janye masa tallafi tun kafin na fetur a 2023, ana sayar da litarsa wajen Naira 300 a farkon 2022. Kafin ƙarshen shekarar ta haura 800, a farkon 2024 ta wuce 1,200. Mai shata ma ya ji wannan a jikinsa, domin an ƙara masa kuɗi. Bambancin shi ne shi yana iya cewa bana ba zai je Legas ba, ya sayar a Kano ko ma a nan Garatu. Mai mota kuwa ko ta tashi ko ta kwana, miliyan 12 tana bin sa.

Hujja ta biyu ita ce samun mota a lokacin da ake so. Gab da Kirsimati kowa na neman lodi, masu mota su ja farashi, wani ma ya karɓi kafin alƙalami ya tafi inda aka fi ba shi. Doya kuwa ba ta jira: rana na dafa ta, inda ta ƙuje nan take soma ruɓa. An ga misali a 2017, lokacin da aka yi bikin tura doyar Nijeriya zuwa Ingila da Amurka, jinkiri ya sa wani ɓangare nata ya isa a lalace. Wannan hujja gaskiya ce, amma maganinta ya fi miliyan 30 araha. Falken da ya riƙe mai mota ɗaya ko biyu shekara da shekaru, yana biya ba gardama, yana kuma sanar da su kwanakin lodinsa tun da wuri, ba safai yakan rasa mota ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai hujja ta uku da ba a faɗa a fili, watau suna. Mota mai ɗauke da sunan mutum a goshinta tana sa manoma su ba shi doya bashi, dillalai su tashi idan ya iso. Wannan ma yana da daraja a kasuwa, ba abin dariya ba ne. Sai dai ya kamata mai yi ya san nawa yake sayen sunan. A misalin da ya gabata, miliyan 7.2 ne kowace shekara.

WA KE ƊAUKAR HAƊARIN HANYA?

Hanyar da doyar Garatu ke bi ba ta da tabbas. A zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello gwamnatin Neja ta sha taƙaita zirga-zirgar manyan motoci a kan hanyar Minna zuwa Bida saboda lalacewarta. A watan Yuni na 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, motoci suka yi cirko-cirko. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na wajen mako guda, aka riƙa tsare motoci a Jebba. Ranar 29 ga Mayu, 2025 kuma ambaliya ta afka wa garin Mokwa, ta hallaka mutum fiye da 150, ta kuma yanke hanya. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, falken da bai riga ya yi lodi ba ya riƙe kuɗin shatarsa a aljihu. Mai mota shi ya ƙirga kwanakin zaman banza.

Nauyin ya fi tsanani ga wanda ya sayi motar da bashi. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba da rance. Ga masu gudun riba akwai tsarin ijara da na murabaha a bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da ya biyo baya a 2019; akwai kuma tsohon tsarin nan na karɓar mota a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ko wanne aka bi, biyan wata-wata ne, kuma wa'adin watan Yuni yana zuwa daidai lokacin da rumbun doya ya ƙare, sabuwa ba ta fito ba. Sayar da babbar mota cikin gaggawa kuwa sai da faɗuwa, domin masu saye kaɗan ne kuma suna jin ƙanshin matsuwa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Shata ma tana da nata ramin, kuma a wajen kaya yake. Inshorar dole da manyan motoci ke yanka, wadda hukumar kula da inshora ta mayar Naira 100,000 daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da motar ta yi wa wani ne kawai. Ba ta biyan motar, ba ta biyan doyar da ke cikinta. Idan mota ta kife a gangaren Jebba, mai kaya da mai mota sukan ƙare a ofishin ƙungiya ana sulhu, sau da yawa kuma a ce ƙaddara ce kowa ya ɗauki tasa. Inshorar kaya a kan hanya daban ake yankarta, kuma kamfanonin takaful suna yin irinta ga wanda ke son tsarin Musulunci.

Tsakanin saye da shatar mota sukutum akwai hanyar da ƙananan fatake suka daɗe suna bi, watau haɗa lodi: mutum uku ko biyar su cika mota guda, kowa ya yi wa doyarsa alama da fenti, a biya gwargwadon ƙwarya. Mai ƙwarya goma da ya yi shatar motar ƙwarya arba'in ya faɗa kuskuren mai saye ne a ƙaramin sikeli, domin ya biya wurin da bai cika ba.

Wani abin mamaki shi ne, lissafin nan da ya hana falke sayen motar Legas sau da yawa yakan halatta masa sayen ƙaramar a-kori-kura. Dalili kuwa kwanakin aiki ne. Ƙaramar mota tana kwaso doya daga gona zuwa Garatu, ta zaga kasuwannin Paiko da Gwada da Beji da Kuta kowace a ranarta, da rani ta yi dakon bulo da itace, da damina ta kai taki da iri. Tana iya aiki kwana 250 a shekara, tana kwana a ƙofar gida inda mai ita ke ganin tayarta da ma'aunin manta, kuɗin tsayenta kuma bai kai ya karya jari ba.

Wanda lissafinsa ya tsaya a kan shata, akwai abubuwan da ya kamata a rubuta a takarda gaban shaidu ko wakilin ƙungiyar tasha kafin a ɗora doya ta farko: lambar mota da sunan mai ita da na direba, yawan ƙwarya, ranar tashi da ranar da ake sa ran sauka, wanda zai biya kuɗin shingaye da harajin hanya, da wanda zai nemo wata mota, da kuɗin wa, idan wannan ta lalace a daji. A kuma raba biyan kuɗin biyu, kashi na farko ya isa man zuwa, cikon sai an ƙirga doya a Mile 12.